Garkuwar Jiki Ba Ta Yi Rauni Ba, Aike Ne Ya Ƙi Ƙarewa

Tun bayan korona, duk ciwon da ya gagara sai a ce garkuwar jiki ce ta yi rauni, masu tallar magani a rediyo da tashar mota kuma suna ta cin kasuwarsu. To akwai cutar da ke ƙaryata su. Likitoci na ce mata sikilarodama, wato ƙandarewar fata.

Ta fi kama mata, galibi 'yan shekara 30 zuwa 50, kuma ta yatsu takan yi sallama. Mace ta tsoma hannu a ruwan alwalar asuba da hunturu, yatsun su yi fari fat, su koma shuɗi, can su yi ja suna zugi. Likitan Faransa Maurice Raynaud ya bayyana wannan alama tun 1862, ko da yake ba duk mai ita ke da cutar ba. Sannu a hankali fata ta ɗame tana sheƙi, zobe ya ƙi fita, baki ya tsuke har loma ta zama aiki. Sai maƙwabta su fara raɗe-raɗin kuturta ko jifa. Ba ko ɗaya, kuma ba a ɗaukarta.

Idan ka yanke, ƙwayoyin garkuwa ne ke aika wa maginan jiki, masu saƙa zaren kolajin, su zo su ɗinke. 'Yan aiken sinadarai ne, irin su TGF-beta da IL-6. Da an warke, sai a sallami kowa. A wannan cuta ƙananan jijiyoyin jini ke fara lalacewa, a yi aike, a rasa mai cewa ya isa. Kamar ka kira mai yaɓe ya toshe tsagar katanga, ya gama, ya liƙe taga, ya doshi ƙofa. Ko tela ka ba shi faci, ya yi ta zarga zare har riga ta koma tabarma. Daga baya ma maginan kan fara fitar da TGF-beta da kansu, su aiki kansu, su amsa. Gidan da wannan ke faruwa, ƙarin ɗan aike yake bukata?

Yaɓen kan kai maƙoshi da hanji, ya kai huhu, inda ya fi kisa. Tunda aike ne ya ƙi ƙarewa, shi ya sa magungunan asibiti ke lafar da garkuwar. Tocilizumab, da Amurka ta amince da shi don huhun masu cutar a 2021, kunnen da ke jin IL-6 yake toshewa.

Abin da ke ba ni haushi yana kemis. Mai ciwon gaɓoɓi ta miƙa kuɗi, yaron shago ya ƙirgo mata prednisolone kamar alewa, ba takardar likita, hukuma kuwa ta kau da kai. In mai sikilarodama ce, yawan shansa na iya tayar da hawan jini farat ɗaya, ƙoda ta tsaya cikin 'yan kwanaki, ita kuwa tana murna zafin gwiwa ya sauka.