Marayun Kakalaba Na Jiran Mai Rubuta Labarinsu

A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da littattafan ƙagaggun labarai na farko a Hausar boko. Cikinsu akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da ya tashi babu uba, aka sace shi, ya ƙetare Sahara a zamanin cinikin bayi. Ashe tun daga tushe, adabinmu ya san cewa maraya ne ya fi iya nuna wa mai karatu halin da zamani yake ciki, domin shi masifa take fara samu.

Sai dai bayan wannan littafi, mun bar wani babban fili babu shuka: tarihin yunwa da fatara a karkararmu. Damina ta gaza a 1913, shekara biyu bayan isowar jirgin ƙasa Kano, daidai lokacin da manoma suka karkata ga gyaɗa kuma ake karɓar haraji da kuɗi. Abin da ya biyo baya shi ne yunwar 1914 da kakanni suke kira Kakalaba. Mutane sun ci tafasa da ƙwayar ƙarangiya, sun haƙa gidajen tururuwa don neman hatsi. Fari ya sake dawowa daga 1972 zuwa 1974, sannan cuta ta cinye gyaɗa a 1975. Masanin nan Michael Watts ya yi nazarin waɗannan shekaru a littafinsa Silent Violence na 1983, amma da Turanci ne, kuma don manyan malamai.

Yaron firamare a Shanono fa, wa zai ba shi labarin? A ƙasar da gona take manne da gona, kusan kowane gida yana da tsoho ko tsohuwar da ta ga farin 1973 da idonta. Sun san wanda ya buɗe rumbunsa, da gwaggon da ta ɗauki riƙon 'ya'yan ɗan'uwanta, da magidancin da ya tafi cin rani bai dawo ba. Wannan shi ne irin da marubuci zai shuka.

Wasu al'ummu sun riga mu. Charles Dickens ya nuna wa Ingila halin marayunta a Oliver Twist. A Amurka, Christopher Paul Curtis ya wallafa Bud, Not Buddy a 1999, labarin maraya a lokacin karayar tattalin arziki ta shekarun 1930, yara kuma suna karanta shi a makarantu.

Amfanin irin wannan littafi ya wuce nishaɗi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tsadar kwanon masara ta shiga kowace tukunya. Yaron da ya karanta yadda tsararsa ya rayu a Kakalaba zai fahimci cewa wahala tana da dalili, tana kuma da ƙarshe. Wanda iyayensa suke raye zai koyi kallon marayan ajinsu da idon zumunci.

Don haka muna kira ga Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero da ƙungiyoyin marubuta na Kano da su tura ɗalibai ƙauyuka su naɗi muryoyin dattawa, hukumomin ilimi kuma su sa gasa ta labaran tarihi don yara. Shaidun Kakalaba sun riga mu gidan gaskiya. Na 1973 suna nan tukuna, amma kullum raguwa suke yi.