Ran Mai Hawan Dutse Yana Hannun Abokinsa

Masu karatu da suka kalli wasannin Olimfik na Tokyo a 2021, ko na Faris a 2024, sun ga samari da 'yan mata suna hawan bango mai tsawon mita 15 kamar ƙadangaru. Idon kowa yana kan mai hawa. Amma a gindin bangon akwai wani mutum tsaye da igiya a hannu, ba mai tafa masa, alhali kuwa ran na sama yana hannunsa. Aikinsa ya yi kama da na masu riƙe wa mai haƙa rijiya igiya. Yau za mu duba ƙaramin ƙarfen da ya ke aiki da shi, domin wasan nan yana ta yaɗuwa, wataƙila ɗanku da ke karatu a Turai ko Amurka ya riga ya shiga.

Yadda Abin Ya Ke

Mai hawa yakan ɗaure igiya a ɗamarar da ke ƙugunsa. Igiyar ta bi ta ƙugiyoyin da aka kafa a jikin dutse, ta sauko wurin abokinsa, ta ratsa cikin na'urar da ke maƙale a tasa ɗamarar. In mai hawa ya zame, na ƙasa ya riƙe igiya, na'urar kuwa ta ƙara masa ƙarfi.

A dā mutane sukan naɗa igiya a bayansu su riƙe da hannu kawai. Wajen 1970 wani mai suna Fritz Sticht ya fito da farantin ƙarfe mai huda wanda ke lanƙwasa igiya don ta yi wuyar zamewa. Sai a 1991 kamfanin Petzl na Faransa ya fito da Grigri. A cikinta akwai ƙarfe mai juyawa kamar harshe. Da zarar an fizgi igiya da ƙarfi, harshen ya juya ya matse ta, kamar birkin mota.

Sunan nan Grigri daga Afirka ta Yamma ya fito, ma'anarsa laya. To, kada sunan ya ruɗe mu. Na'urar tana taimakon hannu ne kurum, shi ya sa masu ƙera ta su ke gargaɗi cewa kada a ɗauka tana kama igiya ita kaɗai kullum.

Wacce Za A Saya?

Iri biyu ne. Na fari su ne masu harshe mai juyawa, kamar Grigri. Nauyinta giram 175 ne, igiya ɗaya tak ta ke ɗauka, mai kauri daga milimita 8.5 zuwa 11. Ƙanwarta Grigri+ ta fito a 2017, ita kuwa in mutum ya firgita ya ja mariƙin saukarwa fiye da kima, sai ta sake kama igiyar. Wannan ta dace da masu koyo.

Na biyu ba su da abin da ke juyawa a ciki. Siffarsu ce ta ke sa igiya ta matsu tsakanin na'ura da ƙugiya. Cikinsu akwai Mega Jul ta kamfanin Edelrid na Jamus, da Smart ta Mammut na Suwizalan, da ATC Pilot ta Black Diamond na Amurka. Sun fi sauƙin nauyi da kuɗi. Mega Jul giram 65 ce, tana kuma ɗaukar igiya biyu. Amma tilas a haɗa su da irin ƙugiyar da kamfanin ya ambata, gama in siffar ƙugiya ta sāke, ƙarfin kamun ma ya sāke.

Kafin a biya kuɗi a duba abu uku. A ga ko kaurin igiyar da za a yi aiki da ita ya shiga cikin lambobin da aka rubuta a jikin na'urar. A nemi alamar gwaji, watau EN 15151 ta ƙasashen Turai, ko ta UIAA, ƙungiyar masu hawan duwatsu ta duniya wadda aka kafa a 1932. Sa'an nan a bincika ko kamfani ya taɓa kiran irinta a mayar masa, kamar yadda Petzl ya yi a 2011 da Grigri 2 na farkon fitowa, domin mariƙinsu yana iya maƙalewa a buɗe. Wadda aka samu a gwanjo ba a san tarihinta ba, gara a bar ta. Araha ba ta ado.

Dokokin Da Ba A Ƙetarewa

Babbar doka ita ce, hannun birki ba ya barin igiya ko na ƙiftawar ido. Riƙon nan shi ke sa na'urar ta kama. Sabuwar igiya mai santsi, ko siririya, ko jiƙaƙƙiya, tana iya zurarewa ba tare da harshen ya motsa ba.

Ta biyu, a zura igiya daidai. A jikin Grigri an zana hoton mai hawa a gefe guda, da hoton hannu a ɗaya gefen. In aka juya su, harshen ba zai kama yadda ya kamata ba. Bayan an zura, a kulle ƙugiya, a fizgi igiyar ta wajen mai hawa a ga ta tsaya.

Ta uku, kada a damƙe na'urar da tafin hannu duka. Mutum in ya tsorata yakan ƙara matse abin da ke hannunsa, da haka sai ya danne harshen, igiya ta yi ta gudu. Haka kuma wajen saukarwa, a ja mariƙi a hankali, hannun birki shi ne mai ƙayyade sauri.

Ta huɗu, a yi ƙulli a ƙarshen igiya, don kada ta ƙare ta fice daga na'urar mai hawa yana sama. Mai riƙewa ya tsaya kusa da dutse, da hular kwano a kansa. In kuwa abokinsa ya fi shi nauyi ƙwarai, ya sani za a iya fizge shi sama, sai su nemi shawarar malami tukuna.

Gwanaye Ma Sukan Faɗi

A 1989 Lynn Hill ta Amurka, wadda ta ke cikin gwanayen duniya a lokacin, ta manta ba ta ƙarasa ƙullin ɗamararta ba a Buoux ta Faransa. Ta faɗo daga wajen mita 22, rassan itace suka rage mata ƙarfin faɗuwar, ta rayu. A 2016 kuma Ashima Shiraishi, 'yar shekara 15 da ta riga ta yi suna, ta faɗo daga wajen mita 14 a wani ɗakin hawa a jihar Jojiya saboda kuskure wajen riƙon igiya. Ita ma ta warke ta koma hawa. Dukansu biyu ba baƙin dutse ba ne. Sabo shi ke kawo sakaci.

Saboda haka masu hawa suna da al'ada mai kyau: kafin kowa ya ɗaga ƙafa, su biyu su duba juna, ɗamara, da ƙulli, da na'ura, da ƙugiya. Ba ya cin minti ɗaya, kuma babba ba ya jin kunya ƙarami ya duba shi.

Iyaye, in ɗanku ko 'yarku ta rubuto cewa ta shiga wasan nan, ba lalle ku hana ba. Ku tambaya wa ya koya mata, wa ke riƙe mata igiya, ko suna duba juna kowane hawa. Karatun wannan shafi ba zai maye gurbin malami ba, gama hannu sai ya yi ta maimaitawa a ƙasa, gaban wanda ya iya, kafin a ba shi amanar ran wani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.