Go-kat mai lantarki: Yadda ake zaɓar batirin litiyam, a girka shi, a kare shi daga zafi

Tun bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, hankalin matasa masu ƙere-ƙere ya ƙara karkata ga ababen hawa masu amfani da lantarki. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan motocin bas masu shan mai zuwa masu batir, abin da ya ƙarfafa gwiwar na baya.

Ga mai son farawa daga ƙasa, go-kat ce makarantar farko: ƙaramar motar tsere mai kujera ɗaya, ba rufi, ba ƙofa, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Wani Ba'amurke mai suna Art Ingels ne ya ƙera ta farko a Kalifoniya a 1956, kuma da irinta Lewis Hamilton ya fara tsere yana ɗan shekara takwas.

Mai walda zai iya haɗa firam ɗinta cikin 'yan kwanaki, injin lantarki da kwantirola kuma ana sayen su a haɗe. Inda gizo ke saƙar shi ne batir. Shi ya fi komai tsada, kuma shi kaɗai ne zai iya ƙone motar da shagon da aka ajiye ta.

LFP ko NMC?

Batirin litiyam ya shiga kasuwa ne a 1991 ta hannun kamfanin Sony, kuma masanan da suka share fagensa, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun samu kyautar Nobel a 2019. A yau iri biyu ne mai ƙera go-kat zai fi cin karo da su.

Na farko shi ne NMC da danginsa. Sun fi zuwa a ƙananan ƙwayoyi masu kama da yatsa da ake kira 18650, wato kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Kowace ƙwaya tana ba da bolt 3.6 zuwa 3.7, idan ta cika ta kai 4.2. Ba su da nauyi kuma suna ɗaukar wuta da yawa, amma ba sa jure zafi da ganganci.

Na biyu shi ne LFP, wanda ake rubuta wa LiFePO4 a jiki, irin wanda ya cika kasuwar sola yanzu. Ƙwayarsa tana ba da bolt 3.2, ta cika a 3.65. Ya fi nauyi, amma yana jure caji sau 2,000 ko fiye, kuma sai zafi ya yi tsanani sosai kafin ya kama da wuta. A ƙasar da zafin watan Afrilu ke haura maki 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, LFP ya fi dacewa da sabon shiga.

Lissafi kafin a buɗe aljihu

A ɗauki injin wat 2,000 mai aiki da bolt 48. Idan aka raba 2,000 da 48, za a ga yana jan amfiya kusan 42. Lokacin tashi daga tsaye ko hawan tudu, abin da yake ja na iya ninkawa.

Domin samun bolt 48, ana jera ƙwayoyin NMC 13 kai da gindi. Idan LFP ne, ana jera 16, su ba da bolt 51.2. Domin ƙara yawan wutar da batirin zai riƙe kuma, ana haɗa ƙwayoyi kafaɗa da kafaɗa a kowane mataki. Ƙwayoyi bakwai masu 3,000mAh a kowane mataki cikin matakai 13 sun zama ƙwaya 91, masu nauyin kilo huɗu da 'yan kai, masu riƙe wutar da za ta tuƙa injin na kimanin rabin awa idan an taka totur har ƙasa. Tsofaffin batura masu ruwa guda huɗu da za su yi kusan wannan aiki sukan kai kilo 25.

A wannan tsari, amfiya 42 ta rabu gida bakwai, kowace ƙwaya ta ɗauki shida, lokacin tashi kuma 12. Nan ne tsofaffin ƙwayoyin da ake ɓarowa daga batirin laftof ke ba da kunya, domin an yi su ne don ba da wuta kaɗan-kaɗan. Ƙwayoyin da aka yi don na'urorin huda da yanka, irin Samsung 30Q mai jure amfiya 15 ko 25R mai jure 20, su ne suka dace.

Arha ba ta ado. Duk ƙwayar 18650 da aka rubuta wa 9,900mAh jabu ce, domin na gaskiya da kaɗan suke wuce 3,500. Kuma ba a gauraya sabuwa da tsohuwa ko kamfani daban-daban, saboda mai rauni ita za ta riga cika, ta riga ƙarewa, ta riga zafi.

BMS, mai gadin batir

Na'urar BMS ƙaramin allo ne da ke sa ido kan kowane mataki na batirin. Tana yanke wuta idan caji ya wuce ƙima, ko batir ya zube da yawa, ko wayoyi sun haɗu, kuma tana daidaita ƙwayoyin. Dole ta dace da irin batirin da yawan matakansa, ta kuma jure abin da injin ke ja lokacin tashi. Wadda ke da ma'aunin zafi ta fi.

Haka ma caja. Batirin NMC mai matakai 13 yana cika a bolt 54.6, na LFP mai matakai 16 a 58.4. Idan aka sa wa na farkon cajar na biyun, an ɗura masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Wajen haɗa ƙwayoyin 18650, ana amfani da walda ta ɗigo da siririn ƙarfen nikel. Liƙi da dalma yana dafa cikin ƙwayar. Akwai kuma ƙarfen da aka shafa wa nikel a sama kawai, wanda ke ɗaukar zafi. Idan aka kankare shi aka jiƙa a ruwan gishiri, zai yi tsatsa, nikel na gaskiya ba zai yi ba.

Inda za a girka shi

Go-kat ba ta da shokozoba, don haka duk ramin da taya ta faɗa, batir zai ji a jikinsa. Girgiza tana kwance noti, tana tsinka walda, tana goge robar waya har ta taɓa ƙarfe.

A sa batirin ƙasa-ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a gefen kujera kuma cikin da'irar firam, yadda idan an yi karo ƙarfe ne zai fara karɓar dukan. Idan aka ɗora shi a sama, motar za ta fi saurin kifewa a kwana.

Akwatin ya zama mai ƙarfi, a shimfiɗa roba mai kauri a ƙasansa, a lulluɓe cikinsa da abin da ba ya ɗaukar wuta, a ɗaure shi da noti masu kulle kansu. Manyan ƙwayoyin LFP masu kusurwa huɗu sukan ɗan kumbura, saboda haka ana matse su tsakanin faranti biyu, tare da sa shamaki tsakanin kowace biyu.

Fis ya zauna dab da bakin batir, sannan a sa makunnin kashewa inda hannun direba zai kai nan take. Siririyar wayar gida ba za ta ɗauki amfiya 40 zuwa 80 ba, sai mai kauri irin ta walda ko ta inbata.

Yaƙi da zafi

Batirin litiyam ya fi jin daɗi tsakanin maki 15 da 35. Yawancin kamfanoni sun hana caji idan zafinsa ya haura 45, sun hana aiki da shi idan ya haura 60. A Arewa da rana tsaka a bazara, tazarar da ta rage kaɗan ce tun kafin a tayar da injin.

Idan wutar da ƙwaya ke bayarwa ta ninka sau biyu, zafin da take fitarwa yana ninkawa sau huɗu. Ke nan matakin farko na sanyaya batir shi ne ƙara yawan ƙwayoyi domin su raba nauyin.

Ƙaramar mota irin wannan ba ta buƙatar sanyaya ta ruwa, iska ta wadatar. A yi amfani da mazaunin roba mai barin 'yar tazara tsakanin ƙwayoyi, a buɗe mashigar iska a gaba da mafita a baya, a ƙara ƙaramar fanka mai bolt 12. Saboda ƙurar hunturu, mashigar na buƙatar matata da za a riƙa kakkaɓewa. Injin da kwantirola suna fitar da nasu zafin, don haka a nisanta su da akwatin.

Baƙin akwati a rana tanda ne. A ajiye motar a inuwa, kuma bayan tuƙi a bar batir ya huce kafin a jona caja.

Idan abu ya ɓaci

Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba. A 2013 an dakatar da jiragen Boeing 787 saboda baturansu, a 2016 Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7. A birnin New York, gobarar batirin litiyam ta kashe mutum 18 a 2023, galibi daga kekuna da babura masu lantarki.

Alamomin haɗari su ne kumburi, wari mai kama da na sinadari, ƙarar tsaki da zafin da hannu ba zai jure ba. Idan hayaƙi ya fara, a janye mutane, domin yana da guba, a kira 'yan kwana-kwana. Ruwa mai yawa daga nesa yana sanyaya ƙwayoyin, amma wutar kan sake tashi bayan sa'o'i, don haka a bar batirin a fili.

Kada a yi caji a ɗakin kwana, ko a bakin ƙofar da ita ce kaɗai mafita, ko da dare kowa na barci. Kuma kafin a miƙa wa yaro sitiyari, babba ya fara gwada motar a fili na 'yan mintoci, ya auna zafin batirin, sannan a tabbatar da hular kwano a kan duk wanda zai hau.