GEMU BA YA HANA ILMI: Malaman Da Suka Ƙago Batirin Wayar Hannu

Da wuya a sami ɗan Arewa mai neman abinci a Ikko ko Badun ko Fatakwal wanda ba shi da wayar hannu a aljihu. Da ita yake jin lafiyar iyali, da ita yake aika kuɗin cefane gida, da ita kuma dillalin shanu ko na albasa yake sanin inda mota ta kwana. Amma da zarar batir ya mutu, wayar ta zama kaya. Shi kuwa wannan batir aikin masana uku ne, a ƙasashe uku, kuma sai da aka yi kusan shekara 20 ana fama kafin ya shigo kasuwa.

Fannin da suka yi aiki a kai wani reshe ne na ilmin kemistiri, watau ilmin haɗa sinadarai, wanda ke binciken yadda sinadari ke haifar da wutar lantarki, da yadda ita wutar ke sāke sinadari. Masu wannan fanni su ne ke binciken tsatsar da ke cin ƙarfe, da shafa wa ƙarfe ruwan azurfa, da kuma batura iri iri. Wani Ba'italiye, Alessandro Volta, shi ya fara haɗa batir cikin 1800. Bayansa aka yi Michael Faraday na Ingila, ɗan maƙeri, wanda ya tashi yaron shagon ɗinkin littattafai, yana karanta abin da aka kawo ɗinki, har ya zama wanda ya tsara ƙa'idojin fannin.

YADDA BATIR KE AIKI

Kowane batir yana da ɓangare biyu, da wani ruwan sinadari a tsakaninsu. In aka kunna waya, waɗansu ƙwayoyi da ido ba ya gani sai su ratsa ruwan daga wannan ɓangare zuwa wancan, ita kuwa wuta ta zagaya ta cikin wayar ta yi aikinta. In aka sa caji, sai ƙwayoyin su koma inda suka fito. Batirin mota da dalma ake yinsa, shi ya sa yake da nauyi haka. Don haka masana suka sa ido kan litiyam, ƙarfen da ya fi kowane ƙarfe rashin nauyi, har yakan yi iyo a kan ruwa. Aibinsa ɗaya ne: saurin kamawa da wuta.

Wanda ya fara sarrafa shi shi ne Stanley Whittingham, Baturen Ingila, wanda aka haifa cikin 1941. Ya yi karatu a Jami'ar Oxford, ya wuce Jami'ar Stanford ta Amurka, kana kamfanin mai na Exxon ya ɗauke shi aiki cikin 1972. A lokacin kamfanonin mai suna tsoron kada man ya ƙare, ga shi kuma cikin 1973 ƙasashen Larabawa sun tsuke bakin famfo, farashi ya yi tashin gwauron zabi.

Whittingham ya yi amfani da wani sinadari mai hawa hawa, wanda ƙwayoyin litiyam ke iya shiga tsakanin hawansa su fita ba tare da ya rushe ba, kamar dai yadda fatake ke sauka a zango su tashi, zango yana nan. Batirin ya ba da wuta fiye da bolt 2, alhali na tocila bolt 1.5 ne. Sai dai ɗaya ɓangaren zallar ƙarfen litiyam ne, kuma in aka yi ta caji, yakan tsiro da waɗansu ƙayoyi masu huda batirin, wuta ta tashi. Da farashin mai ya faɗi, sai Exxon ya janye. Daga baya, cikin 1988, Whittingham ya koma koyarwa a Jami'ar Binghamton.

MALAMIN DA AKA CE YA MAKARA

A nan ne John Goodenough ya shigo. Ba'amurke ne, an haife shi a Jamus cikin 1922. Yana yaro karatu ya yi masa wuya ƙwarai, don haruffa sukan rikice masa. Duk da haka ya sami digirin lissafi a Jami'ar Yale, ya yi aikin duba yanayin sama a rundunar sojan Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da ya tuɓe kaki ya je Jami'ar Chicago don koyon ilmin fiziks, sai wani malami ya faɗa masa cewa ya makara, wai duk wanda ya yi abin kirki a fannin ya riga ya yi shi kafin ya kai shekarunsa. Bai kula ba. Ya sami digirin dakta cikin 1952, ya shekara 24 yana bincike a wani ɗakin gwaji na makarantar MIT, inda ya taimaka wajen ƙera ma'ajiyar bayanai ta kwamfutocin farko.

Cikin 1976, yana da shekara 54, Jami'ar Oxford ta ba shi shugabancin wani sashe na kemistiri, ko da yake ba shi ne ainihin abin da ya karanta ba. Dogon zaman da ya yi da sinadarai ya nuna masa cewa in aka sāke kayan ɓangaren nan mai hawa hawa, za a sami wuta fiye da ta Whittingham. Shi da mataimakansa suka yi ta gwaji, har cikin 1980 suka dace da haɗin litiyam da wani ƙarfe mai suna kobalt. Wuta ta kai bolt 4.

Saura ɓangaren da ke kamawa da wuta. Wannan kuwa Akira Yoshino ya warware shi, wani Bajapane da aka haifa cikin 1948, ma'aikacin kamfanin Asahi Kasei. Cikin 1985 ya cire zallar litiyam, ya sa wani irin gawayi da ke saura bayan an tace man fetur, wanda shi ma yake saukar da ƙwayoyin kamar zango. Don ya tabbatar, ya sako wa batirin wani ƙaton ƙarfe daga sama, bai fashe ba. Da aka yi wa mai zallar litiyam haka, sai ya yi bindiga. Cikin 1991 kamfanin Sony ya fito da batirin kasuwa.

WA YA CI RIBA?

Mai karatu zai zaci Goodenough ya kuɗance. Ko kusa. Jami'ar Oxford ba ta yi rajistar mallakar wannan ƙirƙira ba, sai ya sa hannu ya bar wa wata hukumar bincike ta gwamnatin Ingila, bai kuwa sami ko kwabo daga cinikin ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan bai sanyaya masa gwiwa ba. Ganin lokacin ritaya ya gabato, cikin 1986 ya koma Jami'ar Texas, inda shi da almajiransa suka fito da wani haɗi na litiyam da baƙin ƙarfe, mai araha, wanda ba ya saurin kamawa da wuta. Shi ake sa wa yawancin baturan litiyam na sola da motocin lantarki da dama. Cikin 2019 aka ba su ukun nan lambar Nobel ta kemistiri. Goodenough yana da shekara 97, babu kuma wanda ya taɓa karɓarta da yawan shekaru haka. Ya mutu cikin 2023 yana da shekara 100.

SAURAN AIKI

Har yanzu da sauran rina a kaba. Batirin litiyam yakan kumbura ko ya kama da wuta in ya sha zafi ko ya huje, don haka wanda ya kumbura ba abin ajiyewa ƙarƙashin matashi ba ne. Fiye da rabin kobalt na duniya daga Kwango yake fitowa, inda talakawa, har da yara, ke haƙa da hannu cikin hatsari. Shi ya sa masana ke neman batirin da ba ya bukatarsa, waɗansu ma suna gwada sodiyam, sinadarin da ke cikin gishirin miya.

Nijeriya ma tana da hannu a ciki. Akwai duwatsun litiyam a jihohin Nasarawa da Kogi da Kwara, kuma cikin 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa su a Nasarawa. Amma riba mai tsoka tana wurin wanda ya san yadda ake mai da dutsen batir. Akwai sashen kemistiri a jami'o'in Zariya da Kano da Badun da Ikko, malamansu da dama kuma suna binciken yadda ruwan ganyayen gida zai hana tsatsa cin ƙarfe.

Saboda haka uban da ke fafutuka a Kurmi, in ya ga ɗansa ko 'yarsa na da ƙwaƙwalwar lissafi da kimiyya, ya daure kada ya cire su daga makaranta don jiran shago. Wanda kuma yake ganin shekaru sun ja, ya tuna Goodenough yana dab da shekara 58 ya yi aikin da duniya ta san shi da shi.