ƘWARO MAI MASHI, ABOKIN MANOMI

Ƴan'uwa manoma, ba kowane ƙwaro da kuka gani cikin gona ba ne ɓarawo. Akwai masu cin shuka, akwai masu cin ƴan'uwansu ƙwari. Yau za mu yi magana bisa ɗaya daga cikin mafarautan nan. Da faransanci sunansa "réduve". Mu, mu ce da shi mai mashi.

Ƙwari mafarauta ba hanyarsu guda ba. Ƙoƙi-ƙoƙi kamawa yake yi ya tauna. Zanzaro ɗauke tsutsa yake yi ya kai wa ɗiyansa cikin ɗakin laka. Shi ko mai mashi bai da haƙoran tauna, tsotsa yake yi. Don haka masana suka sa shi cikin babban dangin ƙwari masu bakin allura, tare da kuɗin cizo da ƙwarin da ke tsotse kwanson wake. Gidansu shi ne Reduviidae, kuma iri-irinsu a duniya sun kai wajen 7000.

In ya samu tsutsa ko wani ƙwaro, sai ya riƙe shi da ƙafafun gaba, ya soka mishi baki, ya zuba miyau. Miyan nan ke sanƙarar da abin, ya narkar da cikinsa. Sai ya tsotse, ya yar da fanko. Ɗiyansa ma haka suke ci tun suna ƙanana ba fiffike. Wasu har suna lulluɓe bayansu da ƙura da gawar tururuwa don su ɓoye.

Ga inda ake ruɗewa. A gonar kaɗa akwai jan ƙwaro mai ɓata farin kaɗa. Akwai kuma wani mai mashi, Phonoctonus, da ya ɗauko kamarsa sak, yana shiga cikinsu yana cinsu. Wanda bai lura ba sai ya kashe duka biyun. To, ku dubi baki. Na mai cin shuka dogo ne, siriri, miƙe, kwance bisa ƙirji. Na mai mashi gajere ne, mai kauri, lanƙwashe ƙarƙashin kai kamar lauje. Kansa kuma siriri ne, da ɗan wuya.

Kada ku kama shi da hannu. Yana suka, da zafi ƙwarai. Ni kaina na ɗanɗana, ban ƙara ba. Ku gargaɗi yara. Akwai danginsa masu shan jinin mutum suna sa cutar Shagas, amma wannan cuta ta ƙasashen Amirka ce, irin su Barazil da Bolibiya.

Maganin feshi bai bambanta aboki da maƙiyi. Kafin ku fesa wa wake ko kaɗa, ku zagaya gonar da safe, ku duba ganye da kyau. In ɓarna kaɗan ce kuma masu mashi na nan, ku dakata, ku nemi malamin gona ya zo ya gani tukuna.