Lamba 86 400: Daƙiƙoƙin Kwana Ɗaya

Daga fitowar rana a Mayo-Oulo zuwa fitowarta washegari, awa 24 ke nan. Kowace awa tana da minti 60, kowane minti kuma yana da daƙiƙa 60. In aka yi 24 sau 60 sau 60, za a sami 86 400. Ana karanta ta haka: dubu tamanin da shida da ɗari huɗu.

Wannan lamba tana da alƙaluma biyar: 8, 6, 4, 0, 0. A rubutun Faransanci akan bar ɗan fili bayan dubbai, don karatu ya yi sauƙi.

Lambobi iri biyu ne: cika da mara. Cika ita ce wadda ake raba ta biyu ba saura, da Faransanci pair. Mara kuwa takan bar saura ɗaya, ita ce impair. Alƙalamin ƙarshe shi ke nuna irin lamba. Da yake 86 400 ta ƙare da sifiri, cika ce, kuma tana rabuwa da 5 da 10.

Akwai wata dabara. In aka tara alƙalumanta, 8 da 6 da 4, za a sami 18. Tunda 18 tana rabuwa da 3 da 9, to 86 400 ma haka take.

Wasu lambobi ba sa rabuwa sai da 1 da su kansu, kamar 2, 3, 5, 7 da 11. Sunansu nombres premiers. Lamba 86 400 ba ta cikinsu, domin lambobi 96 ne ke raba ta ba saura. Sirrin yana wajen 60 da 24, masu sauƙin rabo. Mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, su ne suka riƙa ƙirga da sittin-sittin, shekaru kusan 4 000 da suka wuce.

Ga amfanin wannan sani. A ce manoma sun sayar wa Sodecoton, kamfanin auduga da ke Garwa, audugar gonarsu ta haɗin gwiwa, aka biya su sefa 86 400. In su tara ne, kowa zai sami 9 600. In su takwas ne, 10 800. Amma in su bakwai ne, kowa zai sami 12 342, saura 6. Yaron da ya san waɗannan dokoki zai gane tun kafin a fara rabo ko kuɗin zai rabu daidai, kuma ba mai cutar mahaifinsa a lissafi.

Tambayoyi
1. Daƙiƙa nawa ne a awa ɗaya?
2. Lamba 1960, shekarar da Kamaru ta sami 'yancin kai, cika ce ko mara?
3. In manoman shida ne, nawa kowa zai samu?