Shin Ko Kun San? Abin da Ke Shanye Batirin Mota Tana Fake

Shin ko kun san cewa mota ba ta daina jan wuta don an kashe ta? Agogo da rediyo da kwamfutar mota da na'urar kulle ƙofa duk suna ɗan shan wuta dare da rana. A lafiyayyar mota, wannan ba ya wuce miliamfiya 50 ko kusa da haka. Idan ya zarce sosai, akwai ɓarawon wuta.

Shin ko kun san cewa ƙwan fitilar but mai wat 5 kaɗai, idan ya ƙi mutuwa bayan an rufe, zai iya ƙarar da batir mai amfiya-awa 60 cikin kwana shida? Tun kafin nan ma motar za ta ƙi tashi.

Shin ko kun san cewa mitar auna wuta na faɗin yawan cajin batir nan take? Cikakken batir da ya huta yana nuna bolt 12.6. Idan ya nuna 12.2, rabin cajinsa ya tafi. Idan inji na aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.7. Ƙasa da haka, altaneto ba ya caji yadda ya kamata.

Shin ko kun san cewa altaneto na iya caji da rana, ya zuƙe batir da dare? Haka ke faruwa idan diyod ɗaya a cikinsa ya lalace, sai wuta ta riƙa komawa baya.

Shin ko kun san yadda rewaya ke kama ɓarawon? Yakan kashe komai, ya cire kan batir na nagatif, ya haɗa mita tsakanin kan da wayar. Sai ya jira kamar minti 30 ko fiye, har kwamfutocin motar su yi barci. Daga nan ya riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya. Fis ɗin da aka zare lambar da mita ke nunawa ta faɗi, a layinsa matsalar take. Ba a tada inji yayin wannan gwaji, domin mitar na iya ƙonewa.

Shin ko kun san cewa kayan da aka ƙara daga baya, irin su tiraka da ƙararrawar ɓarayi da amfilfaya, sukan jawo wannan matsala idan an haɗa su ba daidai ba?

Shin ko kun san cewa zafi ya fi sanyi cinye rayuwar batir, kuma ƙura mai danshi a samansa kan zubar da caji a hankali?

Shin ko kun san cewa duk lokacin da batir ya sauka gaba ɗaya, ƙarfinsa na raguwa har abada? Saboda haka a auna kafin a sayi sabo. Idan ba a toshe inda wuta ke zurarewa ba, sabon ma haka zai mutu.